Shafi Ɗari Uku, Babu Wanda Ya Mutu

A ƙarshen layi, inda titin Gratiot ke gajiya,
nakan kashe bas, in kurɓi kofin da ya huce.
Minti goma sha biyu nawa ne ni kaɗai.
A nan na cinye littafin da Corinne ta cusa mini a jaka,
ta ce, "Mama, karanta, mutanenmu ne, kuma soyayya ce."

Mutanenmu ne, na yarda.
Nyla likitar ido, Desmond mai zanen gidaje,
ruwan sama ya haɗa su ƙarƙashin laima guda a Atlanta.
Ni kuwa tun shafin farko raina a tsaye yake.
Duk sanda ya ɗauki makullin mota da dare
sai in kasa kunne ina jiran jiniya,
ina jiran fitila mai ja da shuɗi ta haske madubinsa.
Ya je, ya sayo mata maganin mura, ya dawo.
Ya dawo kawai.
Na kife littafin na zuba wa titi ido
har wani fasinja ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Shafi ɗari uku, babu wanda ya mutu.
Ashe ina da wannan yunwar ban sani ba.

Amma fa ina da ƙorafi.
Kicin ɗin yarinyar nan ya fi falona da ɗakina faɗi,
ba a yi zancen kuɗin haya ba ko sau ɗaya,
sai ka ce wata ba ya ƙarewa a garinsu.
Fatarta kuma: yau zuma, gobe kofi da madara,
jibi gasasshen burodi.
Baiwar Allah, mace kike siffantawa ko karin kumallo?
Ni baƙa ce wuluk, kamar uwata, kamar gindin tukunyarta.
Na bi babi-babi ban ga mai kalata ba
sai wata gwaggo mai hular coci
da aka ajiye don ta ba da dariya.

Shi kuwa Desmond, in ya yi laifi
sai ya jero ban-haƙuri shafi biyu,
kalma bayan kalma, a goge, a ninke.
Na ja tsaki. Wannan wane irin namiji ne?
Shekara talatin da ɗaya na yi da Alphonso
kafin huhu ya ci amanarsa,
bai taɓa haɗa jimla irin wannan ba.
In mun yi faɗa, da asuba nakan ji shi a waje
yana kankare ƙanƙara daga gilashin motata,
ba safar hannu, yana tari.
Ban-haƙurinsa ke nan. Wa zai buga shi a littafi?

Kwatsam sai ga babi na sha tara.
Tana barci, ɗankwalin siliki ya zame daga kanta,
ya tashi cikin duhu ya ɗaure mata,
sannu-sannu, don kada kitso ya lalace.
A nan marubuciyar ta kama ni.
Wa ya gaya mata?
Wa ya leƙa ɗakinmu a hunturun da aka rufe masana'antar motoci,
ba albashi, ba ɗumi,
yatsunsa masu kaushi suna laluben bakin ƙyalle?
Na yi kuka a kan sitiyari, da rigar aiki a jikina.

Daren Lahadi Corinne ta kira: "Ya kika gani?"
Na ce ƙaryar ta yi yawa.
Ta yi shiru. Shekararta talatin da huɗu, daga ita sai karenta.
Na ji nauyin shirun, sai na ƙara:
amma ƙarya ce mai ɗumi, irin wadda muke bin duniya bashi.
Wasu sun sha irinta tun kaka da kakanni
ba wanda ya tambaye su kuɗin haya.

Littafin na nan ƙarƙashin kujerar direba,
ya sha kofi, kunnuwansa sun lanƙwashe.
Ban mayar mata ba.
Har yanzu ina jin haushin kicin ɗin nan.
Gobe, a ƙarshen layi,
zan koma babi na sha tara
in ga ko ya ɗaure da kyau.